Sunan Rahila a Takardar Tafiya

Muna cikin Keke daga kasuwar Sabon Gari za mu koma Samaru, na miƙa wa babbar 'yata Rahila takardar da na tsara mana tafiyar hutun Kirsimeti, ta duba ko na manta wani abu.

Wurin wasan yara za mu je a Abuja. Dauda mai shekara takwas na rubuta masa motocin nan masu karo da juna. Auta mai shekara uku kuma dokin da ke zagayawa a hankali. Har lokacin barcinta na rana na sa.

Rahila ta karanta har ƙasa, ta juya bayan takardar, ba komai.

Ta ce, "Mama, sau huɗu sunana ya fito. Rahila ta goya Auta. Rahila ta riƙe jaka. Rahila ta bi wa Dauda layi. Rahila ta kai Auta bayi."

Na ce, "To ai ke ce babba."

Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ni ma fa ban taɓa hawa dogon lilon nan ba."

Shekararta goma sha huɗu. Ashe tun ranar da aka haifi Dauda na cire ta daga cikin yara, ban ma lura ba.

Da muka isa gida na sake takardar. Zanin goyo ya koma jakata, dogon lilo na Rahila ne.

Ku 'ya'yan fari, kuna shekara nawa aka daina ɗaukar ku yara a gidanku?