Ranin da Tarin Yalwa Ya Tsaya

Duk wanda ya taɓa zama a Hillat Tanko, ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Bahar kudu da garin Rufa'a, ya san Yalwa tun kafin ya ga fuskarta, domin tarinta ne ke riga ta isa wuri. Mata na zaune ana tsinkar kuɓewa sai wata ta ce, “Ku matsa wa Yalwa tabarma,” alhali ba ta ko karyo kwanar masallaci ba.

Ba da tari aka haife ta ba. Kakanta ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya je ya dawo, ƙafa ta tsaya masa a nan, ya samu jarif, wato gonar bakin kogi wadda ruwa ke rufewa da damina, in ya janye ya bar mata baƙar laka mai maiƙo. A wannan jarif Yalwa ta tashi, cikin albasa da tumatir da kuɓewa. Da ta zama budurwa tana shiga kwalekwale tare da sa'o'inta su haye yamma tsinkar auduga a gonakin Jazira, kuma tsofaffi har yau suna cewa ita ke ba da waƙa, sauran suna amshi. Ta auri ɗan baffanta Jibo, masunci, mutum mai sanyin magana, suka gina ɗakinsu a ƙarshen ƙauye ta arewa, inda zai riƙa hangen kwalekwalensa daga kan gado.

Da mahaifinsu ya rasu, jarif ya koma hannun wanta Abdulmuttalib. Ba a raba ba, ba ta kuma tambaya ba, ai yaya uba ne. Bai daɗe ba ya ba wani ɗan kasuwar Madani hayar wurin ya kafa kamina, matoyar jan bulo. Aka haƙe lakar da ke fid da albasa, aka kwaɓa da kashin shanu, aka jera, aka cinna wuta. Da farko itace ake sa mata. Da itace ya yi tsada aka koma tsofaffin tayoyi da baƙin man mota. Maƙwabta suka ga Abdulmuttalib ya sayi babur, su ma suka ba da nasu, har bakin kogin ya cika da kamina daga wannan kwana zuwa waccan. Manyan motoci na zuwa su kwashe bulon su nufi Kartum, inda ake ta tayar da benaye. Hayaƙin kuwa iskar arewa ce ke ɗaukarsa, gidan Yalwa ne zangonsa na farko.

Shekarun nan ta fara tari. Kowa ya ce ciwon rani ne, kuma maganar ta yi kama da gaskiya, domin da ruwan farko ya sauka sai ƙirjinta ya saki, in rani ya dawo ya kama. Ta sha jiƙon bagaruwa, ta sha citta da zuma, ta sha rubutu. Jibo ma ya kamu. Shi nasa bai tsaya ga tari ba, ya kai in ya ja koma sau biyu sai ya zauna yana neman numfashi kamar kifin da ya jefo tudu. Ya rasu a tsakiyar wani rani. A wurin zaman makoki Abdulmuttalib, wanda a lokacin ya riga ya koma Rufa'a da zama cikin gidan jan bulo mai ƙofar ƙarfe, ya girgiza kai ya ce, “Raunin ƙirji ai gadon gidanmu ne. Allah Shi ba mu haƙuri.” Yalwa ta ce amin, ta kuma yarda har zuciyarta.

Ta ci gaba da rayuwa da sayar da kisra, wato shafaffiyar wainar dawa marar kauri, da miyar busasshiyar kuɓewa ga masu aikin kamina. Ɗanta Hashim ya shiga cikinsu yana dakon bulo. 'Yarta Widad ta tafi Umdurman tana sayar da shayi kusa da tasha, ta bar mata 'yarta Raihana. Yarinyar ba ta cika shekarar shiga makaranta ba ƙirjinta ya fara kuka irin na kakanta. Aka ce to, gado ya bi jini.

Sai shekarar korona ta zo. Ana gab da azumi aka rufe Kartum, aka hana motoci ƙetare jiha zuwa jiha, aka sa dokar zaman gida da kowa ke kira hazar. Gine-gine suka tsaya, manyan motoci suka daina zuwa, bulo ya taru tsibi-tsibi babu mai saye. Ɗan kasuwar Madani ya aiko a kashe wuta. Sauran ma suka bi. Hashim ya koma zaman gindin dalbejiya da abokansa, Yalwa ta rasa masu cin kisra, gida ya koma cin abin da ya samu.

Wata rana Widad ta kira. Tana kukan babu ciniki, babu hanyar dawowa, sai kuma ta ce, “Amma Yumma, in kin ga garin nan ba ki gane shi. Na hau rufin ɗaki shanya, sai ga duwatsun bayan gari fes, kamar in miƙa hannu. Shekara nawa nake nan ban san ana ganinsu ba. In na fyace hanci ma babu baƙi.” Rediyo ma abin da yake ta faɗi ke nan, wai manyan biranen duniya sun yi wasai, mutane na hawa sama suna ɗaukar hoton sararin samaniya. Yalwa ta taɓe baki. Masu ƙoshi ne ke kallon sama.

Azumi ya raba tsakiya, zafi kamar ya narka ƙarfe. Da la'asar tana gaban tanda tana shafa kisrar buɗa baki, sai ga Raihana ta taho a guje tun daga bakin kogi, ta faɗo tsakar gida tana dariya, tana ba da labarin wani kwaɗo. Yalwa ta tsaya tana jiran kukan ƙirjin da ke biyo bayan irin wannan gudu. Shiru. Ta jawo yarinyar ta kara kunne a bayanta. Numfashi ne kawai ke shiga yana fita. Ta saurari nata ƙirjin, ta nemi ranar da ta yi tari na ƙarshe ta kasa tunawa. Ta ɗaga kai. Ko gizagizai babu, damina na can nesa, rani ne tsagwaronsa. Zanen da ta shanya yana nan da farinsa, ganyen dalbejiya kore shar babu baƙin da ya saba rufe shi.

Kisrar ta ƙone a kan tanda ba ta sani ba. Babu murna ko kaɗan a abin da ta ji. Ashe ba rani ba ne. Ashe ba jini ba ne. Da damina ai wutar kamina ce ake kashewa saboda ruwa, shi ya sa take samun sauƙi, ita kuwa tana ta gode wa ruwan sama. Ta tuna yadda ta riƙa tallafe Jibo yana zaune saboda ba ya iya kwanciya, ƙofa a buɗe wai ya sha iska, iskar da ke kashe shi.

Hashim ya shigo ya tarar da ita haka. Ta faɗa masa abin da ta gano. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yumma, ko da hakan ne, mi za mu ci? Tun da anka kashe wuta kin ga nama a gidan ga?”

“Ubanka ya ci naman?” ta ce. Ya fice.

Bayan ƙaramar salla ta hau keken jaki ta nufi Rufa'a, ba ta damu da jami'an da ke tsare hanya saboda hazar ba. Ta sami Abdulmuttalib a kishingiɗe ƙarƙashin fanka. Ta gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida wa, ta ƙi shayin da aka kawo, ta ce, “Yaya, tun da wutar nan ta mutu ban yi tari ba. Raihana na gudu. Kai ka ce gadon gidanmu ne. In gado ne, ina naka?”

Ya yi 'yar dariya. “Haba Yalwa. Ai kowa ya san hayaƙin taya ba turaren wuta ba ne. Ni kaina da likita ya ce wa uwar yara ta nisanci wurin, ba ki ga na kwashe su ba? Sai dai arziki ba ya zuwa babu wahala. Ke ma ai kin ci daga ciki, wa kike sai da wa kisra?”

Ta dube shi har ya kau da ido. “Ka kwashe naka. Ni ce ba taka ba? Ka zauna kan tabarmar makokin Jibo ka ɗora wa kakanninmu, kana sane. Ka bar ni ina shan rubutu.” Muryarta ta tashi har matarsa ta leƙo. “Su can Kartum sun ga dutse suna murna. Gidajen da suke hawa su ga dutsen da ƙirjin wa anka gasa su? Wallahi ban zo roƙo ba. Rabona na jarif nake so, wanda Allah Ya ba ni a gadon ubana.”

“Kin haukace,” ya ce.

“Na warke dai.”

Aka kai magana gaban liman da dattawa bayan sallar la'asar. Ƙauyen bai goyi bayanta ba. Maza da yawa da kamina suke ci da iyalinsu, ga yunwar hazar ta ishi kowa, sai ga mace ta zo tana cewa wutar da suke addu'ar a sake kunnawa ita ce cutarsu. Wani ya ce mace ce ke neman rufe wa gari baki. Wata maƙwabciyarta da suka yi tsinkar auduga tare ta daina amsa mata sallama. Yalwa ta tsaya a bayan taron, ta kira sunayen waɗanda ƙirji ya kashe a layin arewa ɗaya bayan ɗaya, da mata da jarirai, ta ce wanda ya san ƙarya take yi ya tashi. Babu wanda ya tashi, babu kuma wanda ya ce ta yi gaskiya. Liman ya ce shi ba shi da hurumin hana kowa sana'arsa, amma gado hakki ne, ba a danne shi. Aka ja igiya aka fitar mata da rabonta. Ta zaɓi ɓangaren da ke manne da gidanta, inda kamina ta farko take. Wuri ne da aka haƙe ya zama rami, duk toka da fasassun bulo. Abdulmuttalib ya ce ta je ta shuka albasa a toka ya gani. Daga ranar bai sake taka gidanta ba.

Daminar shekarar nan Bahar ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ya shafe bakin kogin, ya shigo ƙauye, ya kayar da katangar Yalwa da ɗakin girkinta. Da ya janye ya bar laka a ramin nan nata, ba ta cike shi ba, amma ta isa a dasa wani abu. Sai dai ruwan da ya yi mata wannan ya rusa gidaje birjik daga Sinnar har Kartum, ga hazar an ɗage, kowa na neman bulo ido rufe. Kafin sanyi ya shigo kamina sun dawo sun fi na da yawa, har da baƙin da ba a san daga inda suka zo ba. Rediyo ya daina zancen sararin samaniya. Widad ta ce duwatsun sun sake ɓacewa.

Hashim ya koma dako. Ranar da ya zo da keken jaki cike da jan bulo, wai maigidansu ya ba shi kyauta a tayar da katanga, Yalwa ta tare ƙofa ta ce ya mayar. Ita da shi suka kwaɓa laka suka tayar da katangar ƙasa. Tire ɗaya suke ci har yanzu, sai dai ba a ambaton kamina a kansa.

Tarin ya dawo mata, duk da bai kai na da ba, tunda wutar da ta fi kusa da ita ba ta sake tashi ba. Na Raihana ne ta kasa jurewa. Da yarinyar ta fara kwana a zaune, Yalwa ta ɗaure mata kaya ta kira ƙanwar Jibo, Muhsina, da ke aure a wani ƙauyen manoma kusa da Damazin, ta ce ta riƙe ta har damina. Ta raka yarinyar bakin titi da safe. Raihana ta riƙe zanen kakarta tana cewa, “Habboba, ni mi na yi?” Yalwa ta ce ba ta yi komai ba, ta sa ta a mota kusa da wata mata mai kirki, ta tsaya har motar ta ɓace.

Da ta dawo ba ta shiga gida ba, ta zarce jarif ta duba albasarta. Ta tarar da sawun keken jaki ya ratsa tsakiyar kunya biyu, ya murƙushe dashen da ta yi da hannunta, masu ɗibar laka sun mayar da gonarta gajeriyar hanya. Ta bi sawun da ido har inda ya tsaya, gindin wata sabuwar kamina da ake jerawa, ga keken can tsaye da mai shi, wani ɗan ƙauyen. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta saɓa fartanya, ta nufi wurin tana kiran mai keken da sunan ubansa.