Amsar Ranar Talata

Autanmu tun yana ƙarami bai iya cewa a'a ba. Ka aike shi sau goma, zai je sau goma, ya dawo yana washe baki. Ni ce babbar yayarsa, a bayana ya girma, don haka in na ce da hannunsa ya rufe kansa a ɗaki, ku yarda da ni.

Bayan ya gama karatu sai da ya yi shekara biyu yana zaman jiran tsammani, kafin ya samu aiki a wani ɗan ofis a hawa na uku, saman shagon masu gyaran waya. Ɗaki ɗaya, tebur shida, taga ɗaya da ba ta buɗuwa, sai fanka mai kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Na ce masa, "Wai Auta, aikin me kake yi a can?"

Ya ce, "Mahaɗi nake nema, Yaya."

Ya zauna ya warware mini. Ɗan shuɗin rubutun nan da ake dannawa a intanet ya kai mutum wani shafin, shi ne mahaɗi. In shafuka masu mutunci suna nuna naka, injin bincike sai ya ɗaga ka sama, masu saye su fara cin karo da kai. Amma dole abin ya dace, mai sayar da taya ba ya ƙaruwa da mahaɗi daga shafin ɗinki. Aikin Auta ke nan, wuni guda yana rubuta wa masu shafuka imel yana roƙo. Ya aika ɗari, biyu su amsa, ɗayan ma zagi ne.

Wata rana aka ba shi wani kanti mai sayar da na'urar ji ta kunne. Ya yi ta lalube har ya gano shafin wata mata da ke rubuta yadda take rainon 'yarta kurma, iyaye da yawa suna karantawa. Mahaɗin da ya fi wannan dacewa babu shi. Manajansu ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Da sunanka ko kallonka ba za ta yi ba. Ɗauki fuska."

Haka suke yi a ofishin. Kowa yana da fuskoki biyar ko shida a cikin fayil, da suna da shekaru da sana'a, duk na ƙarya. Auta ya zama tsohuwar malamar makarantar kurame mai ritaya. Ya rubuta maƙala da sunanta, ya cusa mahaɗin kantin a sakin layi na uku, mai shafin ta wallafa da murna. Cikin wata uku kantin ya hau na biyu a shafin farko na injin bincike.

Ƙa'idarsu kuwa, da zarar mahaɗi ya hau, a jefar da fuskar. To matar ta rubuto godiya, ta ƙara da tambaya: yarinyar tana cire na'urar tana jifa da ita, yaya za ta yi? Wani zai share. Autanmu sai ya kwashe kwana biyu yana karatu, ya ba ta amsa ranar Talata. Talata mai zuwa ga wata tambayar. Yau shekara huɗu ke nan.

Da manaja ya gano, daɗi ma ya ji. Ya ce, "Kada ka kuskura ka daina. Ranar da mahaɗin nan ya sauka, ka tattara jakarka." Abokan aikinsa suka laƙaba masa Malama. In ya shigo sai wani ya miƙe ya ce, "Malama, ya ƙafar?" Yakan yi dariya, amma ni na san dariyar ƙanena, wannan ba ita ba ce. Ya koyi maganar hannu a bidiyo lokacin hutun rana. Ko a gidana in ya zauna, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa bai sani ba. Ya rame. Ga mata, ga jariri, ga gari babu aiki, ina za shi?

Watan jiya ya zo mini kicin ya zauna a kan bokitin da na kife, ya miƙo mini waya. Bidiyon 'yar matar nan ne, yarinya 'yar shekara tara, da giɓi, tana ta wasa da hannu tana dariya. Na ce, "Me take cewa?"

Ya ce, "Wai tana son Malama. Wai in ta girma ita ma malama za ta zama." Sai hawaye ya zubo masa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka faɗa wa baiwar Allah nan gaskiya, in korar ce a kore ka, ba za ka mutu ba!" A nan ya rubuta wa matar, bai ɓoye komai ba: namiji ne, bai taɓa koyarwa ba, mahaɗi ya je nema. Ya kasa turawa. Ni na danna masa.

Kwana biyu yana jiran kora, kuma wallahi na ga ya fi sakewa, har abinci ya ci sosai. Sai ga amsa. Ta ce ta daɗe da sani, tun shekarar farko ta bincika ta ga babu wata malama mai wannan suna. Ta yi fushi, har ta buɗe shafin za ta cire mahaɗin, sai ta tuna duk duniya ba mai amsa mata tambaya sai shi, danginta sun gaji da ita. Ta ce mahaɗin yana nan, ba za ta taɓa shi ba. Amma yarinyar ba ta san kowa ba sai Malama, duk Talata uwar tana fassara mata wasiƙar da hannu. Don girman Allah kada ya canza sunan da yake sawa a ƙasa.

Talatar da ta wuce na bi ta ofishin in kai masa maganin da matarsa ta manta a wurina, na jaririnsu. Na hau benen nan ina haki. Yana kusurwarsa kusa da tagar da ba ta buɗuwa, hannu ɗaya yana gwada wata alama a iska, ɗayan yana buga amsar Talata. Na kira sunansa sau biyu bai juyo ba. Na kusa da shi ya ce, "Malama, ana magana." Nan take ya ɗago.

Ya ce, "Yaya, ɗan zauna. Ban gama ba tukuna."