Tambaya ta Biyar

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya shekara ashirin da biyu a kan injin buga takardu a maɗaba'a guda. Tawada ta zauna a ƙarƙashin farcensa har sabulu ya haƙura da ita. Abokan aiki suna kiransa Injiniya, rabi tsokana rabi gaskiya, don da kunne yake gane ciwon inji tun kafin ya tsaya. Na zauna a gidansa wata uku bayan na dawo daga karatu, kuma a idona aka yi abin da zan faɗa. A lokacin shekarunsa arba'in da takwas, 'ya'yansa biyar, takardun gargaɗi biyu a aljihunsa. Idan aka ba shi ta uku, kora ce.

Laifin da aka ɗora masa shi ne injin yana cin takarda. Sai ya ja biyu a manne, ya cukuikuye su, tawada ta dame, a tsayar da aiki a kwashe ɓarna. Wata rana lafiya lau, wata rana sau goma kafin azahar. Manaja ya ce hannun Kawu ne ya tsufa. Kawu ya kwance injin sau uku, ya wanke, ya canza robobi, bai ga komai ba.

Ana cikin haka aka kawo wata mata ta yi wa ma'aikata bita ta kwana biyu. Mafi yawansu gyangyaɗi suka sha. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa: idan aiki ya ɓaci, kada a ce "wa ya sa", a ce "me ya sa". In an sami amsa, a sake tambayar amsar, a yi ta bi har sau biyar.

Dogo, mai kula da siton takarda, wanda suka shekara ashirin suna cin abincin rana a benci ɗaya da Kawu, ya zungure shi.

"Injiniya, wannan ai sana'ar jikata ce. Me ya sa, me ya sa, har sai ka toshe mata baki da alewa."

Kawu ya yi dariya. Amma a hanyar gida ya tsaya ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Ban taɓa ganin babban mutum ya kama sabon abu da irin wannan yunwar ba. Kamar wanda aka ba tabarau bayan ya daɗe yana laluben duniya. Ya tambayi ƙofar ɗaki dalilin ƙararta, ya gano gidan ne ya ɗan sunkuya. Ya tsare matarsa a kan me ya sa tukunya take kamu ta gefe ɗaya.

"Malam, don girman Allah ka rabu da tukunyata," in ji ta. "Ba ita ta ba ka takardar gargaɗi ba."

A wurin aiki kuwa ya daina zargin injin, ya fara kallon abin da ake ba shi ya ci. Tambaya ta farko da sauƙi: injin yana sarƙewa ne don takardu suna manne wa juna. Ta biyu ta ɗauke shi mako guda. Wata safiya ya zaro falle ɗaya ya kara a kumatunsa, ya ji sanyi. Danshi ne, kaɗan, wanda yatsa ba ya ji. Daga nan duk ɗaurin takardar da aka kawo masa sai ya leƙa sito ya ga inda aka ɗauko shi, ya yi masa alama da fensir. Bayan kwana goma lissafin ya fito fili. Duk ɗaurin da ya ba shi wahala daga jikin bangon da ke kusa da ƙofa yake, kuma a bayan bangon nan ne famfon da ma'aikata suke wanke hannu. Amsa ta uku ke nan.

Ya dawo gida ranar yana ta fara'a. "Ɗan nan," ya ce mini, "shekara biyu ana ce mini hannuna ya mutu. Ashe bango ne."

Sai dai a da, can cikin sito ake jera takarda, a kan katako, nesa da kowane bango. Me ya sa ta dawo bakin ƙofa? Wannan sai a bakin Dogo. Ya tambaye shi a benci, suna cin abinci. Dogo ya ce ƙafar amalanken sito ce ta karye shekara biyu da suka wuce. Sau uku yana kai kuka ofis, ana ce masa za a duba.

Da Kawu ya tsaya nan, da amsar ta wadatar. Gyaran ƙafar amalanke ba aikin yini guda ba ne ma. Amma matar nan biyar ta ce, shi kuma huɗu gare shi, layi ɗaya a littafinsa babu komai.

"To me ya hana ka ɗauka a kafaɗa?" in ji Kawu. "Taku ashirin ne fa."

Dogo ya daɗe yana tauna. Sannan ya waiga, ya rage murya.

"Bayana ya ƙare, Injiniya. In na ɗaga ɗauri ɗaya, sai na jingina da bango na jira idona ya washe. Ko uwar yara ba ta san iyakar abin ba. Kai ne kawai."

Kawu ya jajanta masa da zuciya ɗaya, na tabbata da haka. Da yamma kuma ya cike layin.

Ya haɗa rahoton da zai kai wa Manaja, ya ba ni in duba masa rubutu. Shafi ɗaya ne, tambaya biyar, amsa biyar, babu sunan kowa. Ta ƙarshe ta ce: "Saboda mai aikin sito ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi zuwa ciki sai da amalanke." A ƙasa ya rubuta shawara: a gyara amalanke. Na ƙara masa waƙafi biyu, na ce ya yi kyau. Ni ma ban ga komai ba.

Manaja ya karanta a tsaye, yana gyaɗa kai.

"Ka yi aiki, Injiniya. To wa ya sa takarda a jikin bangon?"

"Yallaɓai, ai cewa aka yi ba a tambayar wa."

"A wurin bita ke nan. Nan ofis ne."

"Amalanken ne, Yallaɓai. Ga shi na rubuta a ta huɗu."

"Na gani. Na kuma ga ta biyar."

Kafin mako ya zagayo an sallami Dogo, wai don a tausaya wa lafiyarsa. Aka ɗauko wani ƙato da yake saɓa ɗauri biyu a kafaɗa yana fito. Takarda ta koma can ciki, injin ya daina sarƙewa, aka janye takardun gargaɗin Kawu. Amalanken yana nan a bayan sito da ƙafa uku. Rahoton kuwa Manaja ya sa aka manna shi a allon sanarwa don ya zama abin koyi, kowa ya wuce ya karanta ciwon da Dogo ya shekara biyu yana ɓoyewa. Ba wanda ya zagi Kawu. Kawai dai in ya shigo, hira takan mutu.

Sau biyu yana komawa ofis roƙon a mayar da Dogo. Na farko aka ce an riga an rufe maganar. Na biyu Manaja ya tambaye shi ko akwai abin da ba daidai ba a rahoton, a cire shi a sake duba batun injin daga farko. Kawu ya tuna 'ya'yansa biyar. Ya ce babu.

Sai da ya yi wata guda kafin ya iya zuwa gidan Dogo, kuma ni ya ja na raka shi. Matar gidan ta amsa gaisuwarmu a taƙaice, ta nuna mana ɗaki. Dogo yana kwance rigingine a ƙasa, filo a ƙarƙashin gwiwoyinsa. Bai yi yunƙurin tashi ba, yanzu ba shi da wanda zai ɓoye wa.

"Injiniya. Injin ya daina?"

"Ya daina."

"To madalla. An gano ciwon, an cire."

Kawu ya durƙusa kusa da shi. "Dogo, wallahi ban rubuta sunanka ba. Ga ɗan nan, shi ya duba. Ko harafi ɗaya babu."

"Na sani," in ji Dogo, idonsa a rufin ɗaki. "Mutum nawa ne a siton?"

Daga tsakar gida muna jin matarsa tana buga kwanuka fiye da yadda wanki yake bukata. Muka ɗan zauna, Kawu ya yi tambayar magani, Dogo ya ba shi amsa cikin ladabi kamar yana magana da baƙo. Da muka miƙe, sai Dogo ya juyo da kansa a hankali.

"Ka gaida yara. Kuma ka riƙe aikin nan da kyau, Injiniya. Ya yi tsada."