Bangon Inna a Gidan Madugu

Sakkwato zuwa Koko

Ina sallame sallar asuba na fito, jaka a kafaɗa, rungume da fallen gilashi mai tsawon rabin ƙofa, naɗe cikin tsohon bargo. Maigidana ya raka ni tasha yana dariya, wai ko amarya ba a yi wa irin wannan riƙo. Ni kuwa raina a ɓace yake tun jiya.

Abin da ya tashe ni kuwa shi ne wayar da Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta yi mini. Can garinmu, gaba da Ka'oje dab da iyakar Benin, akwai gidan kakan babanmu da ake kira Gidan Madugu, don shi ne yake jan ayarin fataken goro a zamaninsa. Da gidan ya zama kango, Gwaggo da Inna, mahaifiyata, suka share shi suka mai da shi wurin koyon aikin hannu. A bangon tsakar gida akwai zanen da Inna ta yi da yatsunta cikin ɗanyen yaɓe, kwale-kwale da kifaye da igiyar ruwa. Shi ne aikinta na ƙarshe kafin ta rasu bara da kaka. To, Gwaggo ta ce ran Asabar za su yaɓe bangon. Na ce ba da raina ba.

Direban ya dubi bargon ya ce, "Hajiya, wanga kaya kujera guda zai ci."

Na ce cinyata zai ci. Muka yi ta ja har muka daidaita. A Jega fasinjoji suka sauka cin waina, ni kuwa ina zaune kamar mai jego, sai ta taga aka miƙo mini tawa. Mun shiga Koko rana ta take tsaka.

Koko zuwa Bagudo

Nan na canza mota, nan kuma hanya ta fara nuna halinta. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati, ba don raina ba, don gilashi. Wani dattijo da ke gefena ya gaji ya ce, "Ɗiyata, in mun mutu ma shi za ki fara dubawa?" Mota ta kwashe da dariya, har da ni.

Bayan mun wuce Kende muka tarar da shinge. Jami'in ya sa na kwance bargon, ya leƙa, sai fuskarsa ya gani.

"Na mene ne?"

"Bango zan rufe da shi."

Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce mu tafi Allah ya sawwaƙe.

A Bagudo na kwana gidan wata ƙawata, Maman Ngozi, mai shagon magani, wadda muka yi makaranta tare. Ta ba ni tuwon shinkafa da miyar kifi, Hausarta ta fi tawa Kabanci. Ta ce 'yarta ma Gidan Madugu take zuwa koyon zanen ƙwarya duk hutu.

Ƙetaren Kwara

Da sassafe muka hau gadar kogin Kwara. Ruwa ya ja baya, fadama ta yi kore shar da shinkafar rani. Daga Ka'oje sai babur, ni a baya, gilashi a tsakaninmu kamar ɗan goye. Zafi kuwa ba a magana, ga hadari yana leƙowa daga gabas yana komawa.

Gidan yana nan yadda na san shi, zaure mai kauri da ƙofar icen da ta girmi kowa a garin. A zauren maza biyu na sassaƙa ludayi. Ɗakin da Madugu yake tara goro yanzu tabarmi da faya-fayai ne jingine har rufi, ɗakin baƙi kuma yara ne kwance rub da ciki suna zane. Na ji Hausa, na ji Fulatanci, na ji Dandanci, duk a tsakar gida ɗaya. Mata kuwa sun riga sun kwaɓa ƙasa, warin makuba ya cika wurin.

Na wuce kai tsaye wurin bangon. Ga shi nan. Inna bahaguwa ce, shi ya sa igiyar ruwanta kullum hagu take karkata, saɓanin ta kowa. Na sa yatsana cikin gurbin nata, sai hawaye.

Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Dije, mi kinka ɗauko cikin bargo?"

Na kwance na nuna mata. Na ce kafinta zai kafa shi a kan zanen, a yaɓe sauran bangon a bar nan.

Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya saka mata. Hannuna ta kama ta kai ni gindin bangon, ta ƙwanƙwasa. Ƙasa ta zubo kamar gari. Ta nuna mini tsaga tun daga sama, ta ratsa ta tsakiyar kwale-kwalen.

"Ruwan bara ya ci shi. In ba a yaɓe shi duka ba, ruwan bana shi ka kai shi ƙasa, da zanen da gilashin da ɗakin yaran ga da ke bayanai. Kina tsammanin ni ba ni jin zahi? Shekara nawa muna kwaɓa ƙasa tare da uwarki?"

Na ce, "Gwaggo, shi kaɗai ya rage mini."

"Wa ya hwaɗa miki? Ƙarƙashin wanga akwai nata na bara waccan, ƙarƙashinai akwai na kakarki. Ba mu kankarewa, lulluɓewa mukai. Ita da hannunta ta rufe na uwar mijinta, tana kuka awa ke."

Gaskiya na so in yi gardama, don ni ba a saba kayar da ni a magana ba, amma tsagar tana gabana. Matan duk sun tsaya, hannuwa cikin laka. Ashe al'adar gidan ce, jinin mai zane shi ke fara sa ƙasa a kan aikinsa. Ni suke jira, shi ya sa Gwaggo ta kira ni.

Na cire zobe, na ɗebi ƙasa. Sanyi gare ta. Na yi bisimilla na shafa a kan kifin farko. Wallahi ji na yi kamar ranar da aka fita da gawar Inna. Sai matan suka matso, aka ɗauki waƙar aiki, kafin azahar bango ya zama sumul, babu kwale-kwale babu kifi.

Da yaɓen ya ɗan sha iska, Gwaggo ta kira wata mata mai suna Zainabu, wadda ke aure a ƙetaren iyaka, ta zo tun da safe a babur da goyonta. Gwaggo ta ce wurin Inna ta koya tun tana budurwa. Zainabu ta tsaya gaban bangon, ta goge hannunta na dama a zani, ta sa yatsu uku ta ja igiyar ruwa.

Hagu ta karkata.

Na ce, "Ke ma bahaguwa ce?"

"A'a, Yaya. Haka Inna ta koya muna. Mu duka haka muka yi, ba mu iya wani ba."

Na duba ƙoren da ke kife a rana, na duba takardun yara. Ko'ina ruwan hagu yake tafiya. Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya, Gwaggo na ce mini sakarya.

Komawa gida

Gilashin dai bai yi asarar tafiya ba, an kafa shi a zaure a kan zanen yara. Na kwana biyu, na kamo hanya da ƙwarya ɗaya da busasshen kifi. Muna kan gada aka tsuge da ruwan farko, fasinjoji na ta rufe taga, ni kuwa hankalina kwance. Na iso Sakkwato bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Gwaggo Hajo da Maman Ngozi da direbobin da suka yi haƙuri da ni.

Maigida ya tarye ni ya ce, "To, an ceci zanen?"

Na nuna masa farcena, har yanzu da jar ƙasa a ciki. Na ce da hannuna na rufe shi.