Zangarniyar Dawar da ta Kai Ƙawata Jami'a

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da Babana ya yi gardamar littafin Kirista da zangarniyar dawa a hannu ba.

A ƙauyenmu kusa da Wad Haddad muna da maƙwabci Kirista, mutumin Kudu, wanda tsinkar auduga ta kawo shi ya zauna har Hausa ta kama bakinsa. 'Yarsa ƙawata ce, tare muka yi makaranta, sai dai ita kanta na ja, ni kuwa bakina ne ke ja. Da sakamako ya fito ta samu gurbin karatun ilimin halittu a jami'a, a birnin Madani. Muna cikin guɗa uban ya ce ba inda za ta. Wai ya ji can ake koyar da cewa halittu suna sauyawa, har mutum da biri danginsu ɗaya, alhali littafinsa ya ce Allah ya yi komai cikin kwana shida. Saura kwana uku a rufe rajista. Ta yi kuka, ni ma na taya ta, har da ƙari.

Lokacin kaka ne, Baba yana hawasha, wato gonarmu ta haya, yana zaɓen iri kafin a yanke dawa. Duk shekara haka yake yi, ya bi layi-layi ya ɗebe zangarkun da suka riga nuna. Maƙwabcin ya zo taya shi, ni da ƙawata kuma muka kawo abinci muka ƙi tafiya.

Baba ya miƙa masa zangarniya ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wa ya halicci wagga?"

"Allah mana, Alhaji."

"Tamam. To irin da kakanninmu sunka zo da shi ya fi raƙumi tsawo, ba ya nuna sai ruwa ya daɗe da ɗaukewa. Yau ga ta iya kafaɗata. Yaushe ta fita daga hannun Allah?"

Maƙwabci ya juya ta, ya ce, "Dawa daban, mutum daban."

Na zaci Baba zai ja, don bai saba barin gardama ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Nan kam ban sani ba, wallahi. Amma littafinka ya faɗa maka wanda ya yi. Bar yarinya ta tai ta gano muna yadda anka yi. In imanin da ka ba ta bai iya zama aji guda da malami, ai ba a gida ma za ya tsira ba."

 Sai maƙwabcin ya dubi 'yarsa ya ce, "Za ki riƙa zuwa coci?" Ta ce kowace Lahadi. Ya danƙa mata zangarniyar ya ce ta je ta haɗa kayanta. Guɗar da na rangaɗa sai da ta tashi tsuntsayen gonar, Baba ya ce in rufa masa asiri.

Yau ƙawata tana koyar da wannan darasin, ranar Lahadi kuma ita ke jan waƙa a cocinsu. Uban bai taɓa yarda da zancen biri ba, duk hutu shi da ita sai sun kwasa, a kan tabarma ɗaya, suna dariya. Abin da na koya shi ne, tsoron tambaya ba ya tsare imanin kowa. Ta tafi da nata, ta dawo da shi.