Sista Dorin da Ganyen da Ya Tare Hanya

Kafin gari ya gama wayewa Sista Dorin Bule ta riga ta naɗe akwatin allurai cikin leda, ta cusa ragowar laplap ɗin jiya, tuwon rogon da ake gasawa cikin ganye, a jaka, ta gangara bakin teku da silifas a hannu. Litinin tsibirin Ambae, Laraba na Maewo, in ruwa ya yi kirki Juma'a tana Pentecost. Shekara ashirin da uku tana wannan zirga-zirga, tara daga ciki tana shugabar ƙungiyar ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ta tsibiran arewa. Asabar ɗin nan za ta sauka daga shugabancin.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce, mutum goma sha ɗaya ne. Ranar zaɓen da ya ba ta shugabancin, abokin takararta ya karanto manufofi har goma sha biyu, da mota da ofis mai sanyi a ciki. Ita kuwa ta miƙe ta ce, "Tawa ɗaya ce. Akwai mutum talatin da ɗaya ɗaure da sarƙa a tsibiranmu. Mu kwance su, kuma kada a sake ɗaure su bayan kwalekwalenmu ya juya."

Ta san abin da take faɗa. A farkon aikinta ta taɓa yanke sarƙar wani da zarto ta tafi tana murna. Da ta dawo ta tarar an sa masa wadda ta fi kauri. Tun ranar ta ɗauki alkawari: hannun da ya kulle, shi zai buɗe.

Wanda ya fi ba ta wuya Selwin ne, uban 'ya'ya biyu, shekara huɗu a gindin mangwaro tun da ciwon ya sa ya cinna wa madafar mahaifinsa wuta. Ƙafar ta fara ruɓa inda ƙarfen ke ci. Dorin ta sauka ƙauyen da Dokta Alik, likitan ƙungiyar, suka tarar da ganyen namele biyu, alamar hani a tsibiran, a gicciye kan hanyar mangwaron. Mai gari ne ya kafa. Wanda ya tsallake wannan ganye ya gama hulɗa da mutanen gari.

"Sista, mutum ya rasa ƙafa saboda ganye?" in ji likitan. "Mu kira 'yan sanda."

"Kira su, ɗana. Su kwance shi yau, su hau jirgi gobe. Jibi kai za ka yi shimfiɗa a gindin mangwaron kana gadi?"

Ta baza tabarma taku ɗaya kafin ganyen, ta zauna tana ɗaga murya tana hira da Selwin. Matan gari suka kawo mata dafaffen gwaza suna tsokana.

"Sista, miji kika zo nema?"

"Ku sakar min shi mana, ai na samu."

Mace ba ta shiga nakamal, zauren da maza ke shan kava, wani jiƙon saiwa, da yamma suna yanke shawara. Amma Edwel, matuƙin kwalekwalenta, namiji ne. Yamma biyu yana zama cikinsu, ya cika su da labari, har ya gyara wa mai gari injin jirginsa. A ta uku mai gari ya dube shi.

"Matar nan da ka kawo ba ta gajiya? Gaya mata mai irin wannan ciwo ba ya dawowa. Mu muka san shi."

Edwel ya ajiye ƙoƙon kwakwar da yake shan kava da shi, ya naɗe ƙafar wandonsa. Tabo ne baƙi ya zagaye idon sawun.

"Baba, shekara shida na yi a turke kamar alade. Injin da na gyara maka, yana tashi ko ba ya tashi?"

Can mai gari ya yi gyaran murya. "Yana tashi."

"Allura ɗaya ce duk wata. Ita ta dawo da ni."

Ba dace ba ne Edwel yana wurin. Dorin ce ta yi tsayin daka sai waɗanda suka warke sun shiga ƙungiyar, da kujerarsu da ƙuri'arsu, har ma'aikata biyu suka yi fushi suka fita.

Da safe mai gari ya ɗauke ganyen da hannunsa. Papa Ruben, mahaifin Selwin, ya tare ta da makulli rataye a wuya, idonsa jawur.

"In ya sake ƙona mu fa, 'yata?"

"Ban ce ka buɗe yau ba, Papa. Bar ni in wanke ƙafar, in yi allurar. Makulli na wuyanka. Ranar da zuciyarka ta kwanta, ka buɗe."

Wata uku tana zuwa. A na huɗu tsohon ya durƙusa, ya buɗe kwaɗon a gaban gari. Mai gari ya ɗaure namele a jikin mangwaron, ya ce ba a ƙara turke ɗan Adam a nan. Ƙafar Selwin ta tsira. Yana ɗingishi, amma shi ke busar da kwakwar gidansu yanzu, shi ke raka 'yarsa makaranta.

Ke ce, Dorin, uwar marasa murya. Ke ce kika zauna kwana uku a rana ba ki tsallake ganye ba, alhali da taku ɗaya kin isa. Ke kika koya wa masu digiri cewa magani ba ya zama a ƙauye sai ƙauyen ya yarda da shi. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, amma mutum ashirin da bakwai na tafiya da ƙafafunsu, kuma ba ko ɗaya da aka mayar turke. Mun gode. Allah ya huta gajiya.

Saura huɗu. Dokta Alik ne zai gaje ta, kuma da aka ce ya karanto manufofinsa, sunayen mutum huɗun nan ya karanta ya zauna. Ku da ke shigowa aikin, ku bi bayansa da haƙurinta. Ku da ke da ɗan'uwa ɗaure a bayan gida, kada ku jira a zo da zarto. Ku aika a kira nas, ku tarye ta da makullin a hannu.