Kofin Ɗan Fari

Maigidana bai taɓa kiran sunan ɗanmu na fari ba. "Wancan yaron" yake cewa. A Wusasa, inda muka taso, wannan kunya ce kowa ya santa, uba ba ya nuna wa ɗan fari so a gaban mutane. Ni kam na yar da tawa kunyar tun a asibitin da na haife shi a Salford. Amma yaron da ya girma cikin Turawa ina zai gane? Shi abin da ya sani kawai, ubansa na wasa da ƙannensa, shi ko kallon ido ba ya samu. Da ya sami aiki a Birmingham sai ya daina zuwa gida, daga baya ya ce min zai koma Kanada gaba ɗaya.

Akwai wani ɗan shagon giya kusa da Oxford Road, na wata dattijuwa 'yar Japan. Mu Kiristoci ne, kuma maigida jikan masu dafa burkutu ne, shi ya sa duk sanda aka kawo sabuwar sake, wato giyar shinkafarsu, sai ya ja ni mu je ɗanɗano. Ta lokacin kaka ya fi so, wadda ta kwana a tulu duk bazara. Matar na da doka guda, ba wanda zai zuba wa kansa, na kusa da kai ne zai cika maka kofi, kai ma ka cika masa. Na ce to, ga dabara ta samu. Na yi ta roƙon yaron a waya har ya yarda ya hau jirgin ƙasa ya zo.

Na zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, na koma gefe. Yaron ya ɗauki kwalbar da hannu biyu yadda matar ta nuna masa, ya zuba wa ubansa.

"Baba, bismillah," in ji shi. Sannan ya ɗaga nasa kofin, ƙanƙani kamar murfin kwalba, ya jira.

Maigida ya kurɓa. Ya juya wajen matar ya hau yabon ƙamshi, wai kamar sabuwar shinkafa a tukunya. Na ga hannunsa ya matsa wajen kwalbar, ya tsaya. Na taka masa ƙafa, na ce, "Malam, kofinsa fa empty ne." Ya yi kamar ba da shi nake ba. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa kwalbar.

Yaron ya yi murmushi, ya ajiye kofin. "It's fine, Mama. Train ɗina ma ya kusa." Ya rungume ni, ya ɗan rusuna wa ubansa, ya fita.

Zuciyata ta karye. Matar ta shiga goge kantar shagon, wadda ba abin da ya zuba a kai. Sai da ƙofa ta rufe, sannan maigida ya ɗauki kwalbar da hannu biyu, ya cika kofin yaron har ya tumbatsa.

"Kira shi," ya ce min, bai ɗago ba. "Ki ce wa wancan yaron an zuba masa."

Na leƙa waje. Bas mai zuwa tashar jirgi ta riga ta tashi da shi.